Malam Isiyaku da Ciyawar Tsibiri

Duk mai jin Hausa da ya zauna a Greensboro a farkon shekarun 1990 ya san Malam Isiyaku, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da ake gani a tsugune a filin ajiye motoci na wani babban kanti a titin Wendover, yana ciro ciyawa daga tsagar siminti, matarsa tana jiransa a mota, daskararren kifin da suka saya yana narkewa a leda.

Mutumin Kafur ne, ɗan manomi jikan manomi. Ya yi digirinsa na farko a aikin gona a Zariya, a 1987 kuma ya zo Greensboro ƙaro karatu a jami'ar da ke gabashin gari. Fannin da ya zaɓa shi ne yaƙi da ciyawa. Da ya gama, malamarsa, wata dattijuwa mai suna Dokta Hairston, ta riƙe shi ya zama mai kula da gonar gwaji. A akwatin da ya zo da shi daga gida akwai kaftani biyu, da Alƙur'ani, da ƙarfen fartanya naɗe a tsohon zanen mahaifiyarsa. Ma'aikacin kwastan ya juya ƙarfen ya sake juyawa, ya tambaye shi ko makami ne. Malam Isiyaku ya ce e, amma ba na mutane ba. Ƙotar a nan ya sassaƙa ta. Tun daga lokacin fartanyar take kwana a but ɗin motarsa, gefen taya.

Aƙidarsa gajeriya ce. Gidan mutunci tsakar gidansa ƙasa ce zalla, a share fes. In ka ga ciyawa a ƙofar gida, to ko maigidan ya rasu, ko malalaci ne. Shekara bakwai a Amurka ba su sauya masa ra'ayi ba. In hanya ta biyo da shi ta unguwar Sedgefield, sai ya rage gudu ya dubi filayen gidajen masu hali, ya girgiza kai. Su shuka ciyawa, su ba ta ruwa, su zuba mata taki, ta girma su yanke su zubar, kuma duk unguwar ko akuya ɗaya babu. Sau biyu mai kula da rukunin gidajen da suke haya yana rubuto masa takarda, yana roƙonsa ya bar ciyawar da ke ƙarƙashin tagarsa ta zauna lafiya.

'Yar adawarsa ɗaya ce a duniya, 'yarsa Jidda. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u aka sa mata, shi ya sa ake kiranta da haka. Duk abin da ya cire ya yar, sai ta bi bayansa ta tsince, ta sa a kofin yogot da ɗan ruwa, ta jera a bakin taga. In ya yi mata bayani da Hausa cewa wannan abokiyar gaba ce, sai ta ba shi amsa da Turanci cewa ita ma tana jin ƙishirwa. Akwai lokacin da kofuna goma sha tara suka taru a tagar kicin.

Jidda tana da ciwon sikila. Ta rasu a watan Janairu na 1994, tana da shekara shida da wata biyu.

Bayan kwana bakwai Malam Isiyaku ya koma aiki, kuma a wannan shekarar ba a taɓa ganin gonar gwaji da tsabta irin haka ba. Matarsa Ruƙayya kuwa, wadda a da malamar kimiyya ce a Funtuwa, a nan kuma take yi wa mata ɗinki, sai ta rufe keken ɗinkin da zane. Ta wanke kofunan ta kife su a saman kabad. Tana girki, tana salla, tana amsa gaisuwa, amma ba ta fita ko ƙofar gida. Akwai kuma wani abu da shi kaɗai ya lura da shi. Ba ta taɓa kiran sunansa ba tun aurensu. Da aka haifi yarinyar ta koma kiransa Baban Jidda. Yanzu ba ta da abin da za ta kira shi da shi. In abinci ya sauka, sai ta ajiye ta ɗan ƙwanƙwasa tebur. Wata huɗu ana haka. Ya fara tsoron kada ya wayi gari ya ga ya binne mutum ɗaya amma ya rasa biyu.

A watan Mayu Dokta Hairston ta kira shi ofis ta ajiye masa mabuɗi. Ta ce tana da ɗan gidan hutu a wani tsibiri can bakin teku, inda ba titi ba mota. Ta gina shi yadda ba zai cutar da ƙasa ba: wuta daga rana, ruwa daga sama. Ta ce ya kai Ruƙayya su yi sati ɗaya. Ya tambaye ta me zai kawo mata, ta ce ba komai. Ya ambaci kilishi, ta ce ba ta cin nama. Ya ambaci hular zanna don maigidanta, ta ce ba ta da maigida. Ya fito da mabuɗin a hannu, zuciyarsa da nauyi, don a inda ya tashi yaba kyauta tukuici, kuma ga kyauta an hana shi yabawa.

Da yamma ya biya gidan abokinsa Davou don ya ari kula ta ƙanƙara. Davou mutumin Jos ne, yana aiki a wani ɗakin ajiyar kaya a Wendover, kuma tun ranar da suka haɗu a layin biyan kuɗin kanti bai daina tsokanarsa ba.

"Tsaya in gane, Malam," in ji Davou. "Ba lantarki?"

"Akwai sola. Ƙwan fitila ɗaya."

"Famfo fa?"

"Ruwan sama ake tarawa a tanki."

"Bayi?"

Malam Isiyaku ya yi gyaran murya. "Wani iri ne da ba a kora masa ruwa. Garin katako ake zubawa."

"Salga ke nan."

"Ba salga ba ce. Injiniya ne ya zana ta."

"Malam, ka ƙetare teku ka gudo wa salga, yanzu kuma za ka shiga kwalekwale ka je ka gaishe ta. Ka ce da ita tana da 'yan'uwa a Kafur." Ya miƙo masa kular, sai ya rage murya. "Ruƙayya ta yarda za ta je?"

"Ba ta ce a'a ba."

"To ai shi ke nan. Allah ya sa a dace."

Awa biyar suka yi a mota, sannan minti arba'in a jirgin ruwan wani tsoho mai suna Sylvanus, wanda shi ke kai mutane tsibirin. Ruƙayya ta riƙe mayafinta ta zuba wa ruwa ido. Malam Isiyaku ya riƙe tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, wadda ba ta yi aikin komai ba duk satin, da wani dogon abu naɗe a buhu. Sylvanus ya tambaye shi ko sandar kamun kifi ce. Ya ce kusan haka.

Gidan na katako ne, a kan dogayen ƙafafu, bisa wani tudun rairayi mai kallon teku. Ɗaki ɗaya, baranda, tanki a gefe. Malam Isiyaku bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba da farko. Abin da ya gani shi ne ciyawa. Ta kewaye gidan ta ko'ina, ta kai masa ƙirji, ganyenta sirara masu kaifi. Wata 'yar siririyar hanya ta katako ce kawai ta ratsa ta zuwa matakala. Tausayin Dokta Hairston ya kama shi. Mace ita kaɗai, ga shekaru, ga aiki, ba ɗa ba ƙane. Dole gida ya koma haka.

A jikin ƙofa akwai takardar dokoki, ya karanta wa Ruƙayya da ƙarfi yana fassarawa. Bokiti huɗu na ruwa a rana, kada a wuce. Kada a hura wuta a waje. Kada a kunna fitila ta fuskanci teku, saboda kunkuru masu zuwa yin ƙwai. Ta ƙarshe an ja mata layi biyu: kada a taka ciyawa.

"Kin ji ko," ya ce. "Ita ma ta san akwai macizai."

Ranar farko ya yi ta a binciken gida. Ya leƙa bayin ya daɗe, ya fito ya sanar cewa Davou bai yi ƙarya ba, salga ce, sai dai ta yi karatun boko. Ya saurari kansa, ya saurari baranda. Ba a yi dariya ba. Ruƙayya tana zaune a kujera tana kallon teku, hannuwanta a cinya. Ya zauna kusa da ita na minti goma. Shi mutum ne da bai iya zama ba, kuma bai san me ake cewa ba in an zauna. Idonsa ya sauka kan ciyawar. A nan ne ya gane Allah ya kawo masa tukuici har ƙofar gida.

Washegari bayan sallar asuba ya kwance buhun.

Abokiyar gaba ce ta gaske, shi da kansa ya yaba mata. Saiwarta ta nutse cikin rairayi fiye da kamu ɗaya, ta kuma miƙa hannu ta riƙe 'yan'uwanta ta ƙarƙashin ƙasa. Ɗan koyo zai sare ta daga sama, bayan sati biyu ta dawo. Malam Isiyaku ba ɗan koyo ba ne. Ya riƙa haƙa a gefe, ya sa hannu ya bi saiwar har ƙarshenta, ya ɗago ta ɗungurungum ba tare da ta tsinke ba. Da a gida ne da ya tara ya cinna mata wuta, amma doka ta hana, shi kuwa mai bin doka ne. Sai ya ɗaure ta dami-dami ya jera a inuwar ƙarƙashin gidan. Kwana biyu ya yi yana wannan aiki. Da yammacin rana ta uku, taku ashirin daga matakala zuwa wajen teku babu ko tsinke. Ya ɗauko tsintsiya ya share, har da 'yan zane-zanen nan da tsintsiya ke bari, irin na ƙofar gidan mahaifinsa da safiyar salla.

Ya hau baranda yana share gumi. Ruƙayya ta dubi filin, ta dube shi. Ta ce, "Sannu." Ta mayar da idonta ga teku.

A rana ta huɗu iska ta taso daga teku. Ba wata babbar iska ba ce, irin wadda ake yi kullum ce a wurin. Sai dai yau rairayin bai sami abin da zai riƙe shi ba, ya tashi ya shigo gida. Ya shiga shayi, ya shiga gado, ya shiga cikin sukari ya ɓace. Malam Isiyaku ya share, ya juya baya, ya dawo ya tarar kamar bai yi ba. Da hantsi ya lura da matakalar ƙarshe, wadda jiya take daidai da ƙasa, yau ta rataye a sama kusan rabin kamu. Ya tsaya yana nazarin yadda aka yi katako ya ƙara tsawo.

A haka Sylvanus ya same shi, ya kawo musu ƙanƙara kamar yadda ya yi alkawari. Tsohon ya hawo tudun, ya tsaya cak. Ya ajiye ƙanƙarar a ƙasa. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Wa ya yi wannan?"

Malam Isiyaku ya sunkuyar da kai, irin na wanda ba ya son yabo. "Ba wani abu ba ne. Ɗan taimako ne. Don Allah kada ka gaya wa Dokta Hairston, ina so ta zo ta gani da idonta."

Sylvanus ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya yi bayani a hankali, kamar mai magana da marar lafiya. Wannan ciyawa ba fitowa ta yi ba, shuka ta aka yi. Dokta Hairston ce ta dasa ta da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, shekara goma sha ɗaya, shi yake kawo mata dashen a jirginsa. Saiwar ce ke riƙe da tudun, tudun ke riƙe da gidan. In babu ita, iskar damina biyu ta isa ta kwashe rairayin, gidan ya bi teku. A wannan gaɓar ko kan ciyawar mutum ya tsinka ya saɓa wa hukuma.

"Kai me kake yi a Greensboro?" ya tambaya a ƙarshe.

"Masanin ciyawa ne ni," in ji Malam Isiyaku. Muryarsa ta fita 'yar ƙarama.

"Ina ka zubar da ita?"

Ya kai shi ƙarƙashin gidan. Sylvanus ya zaro ɗaya daga dami, ya ɗaga saiwar ya duba daga sama har ƙasa, ya zaro wata. Ya ce shekararsa sittin a nan, bai taɓa ganin an tone ta ba tare da an ji mata ciwo ba. In aka mayar da su nan da jibi, aka nutsa su sosai, aka ba su ruwa, rabi za su iya rayuwa.

"Sauran rabin fa?"

"Wannan tsakaninka da wanda kake yi wa salla." Ya mayar da hularsa ya gangara.

Malam Isiyaku ya tsaya a tsakiyar filin da fartanya a hannu. Ya shuka dawa, ya shuka gero, ya shuka masara iri goma sha biyu a gonar gwaji. Ciyawa kam bai taɓa tunanin zai tsuguna ya roƙe ta ta kama ba. Yana nan tsaye ya ji motsi a bayansa. Ruƙayya ce take saukowa. Da ta zo matakalar ƙarshe ta tattare zaninta ta yi ɗan tsalle. Bokiti ne a hannunta.

Ruwa shi ne matsala, don bokiti huɗu ne doka, kuma ya riga ya karya wadda ta fi girma, ba ya son ƙarawa. Suka raba: ɗaya na sha da girki, uku na ciyawa. Wanka aka ɗage shi sai an koma Greensboro. Ruwan wanke-wanke na ciyawa ne. Alwala ma a kan dashe ake yi, kowace salla a sabon wuri, har ya zama Malam Isiyaku yana wanke hannun dama a kan wata, ya matsa gaba ya wanke na hagu a kan wata.

Sai dai akwai abin da hannunsa ya ƙi. Dokta Hairston a warwatse ta dasa tata, yadda za ta yi kama da ta daji. Ya gwada haka, ya dasa biyar, ya tsaya ya duba, ya ga abin ba tarbiyya. Ya shiga gida ya kwance igiyar shanya, ya fere turaku biyu, ya ja layi. Taƙin hannu ɗaya tsakanin kowace biyu, taƙi biyu tsakanin layi da layi. Kowane rami sai ya yi bisimilla. Ruƙayya tana biye da shi da bokiti da kofi, tana zuba wa kowace rabin kofi.

A layi na shida ya tsaya yana yi mata bayani, da gaske ba wasa, cewa in aka ba su wannan tazarar zai fi sauƙin yi musu noma in ciyawa ta fito a tsakaninsu. Ya juya ya ci gaba da haƙa.

"Baban Jidda."

Fartanyar ta tsaya a sama. Bai juyo ba.

"Ka yar da wannan." Wata 'yar ƙarama ce da ta zame daga dami, tana riƙe da ita ta wajen saiwa. Ta sa ta a kofin da ke hannunta, ta duba tulin damin da ya rage a ƙarƙashin gida. "Da tana nan, kofi nawa za mu nemo mata?"

Ya buɗe baki zai yi lissafi, don shi an tambaye shi ne. Ya ce a ƙiyasinsa ɗari takwas da wani abu. A nan ne dariyar ta ƙwace mata. Ta ajiye bokitin ta zauna a kan rairayi, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ta ce shekara bakwai yana karatun ciyawa a Amurka, ga shi yau ta ba shi jarabawa ya faɗi. Ta ce zai yi wa ciyawa noma. Ta sake cewa zai yi wa ciyawa noma. Daga baya dariyar ta juye ta zama wani abu, ya zo ya zauna kusa da ita, wannan karon ya fi minti goma. Ya ce rairayi ne ya shiga idonsa, kuma a ranar ba mai iya ƙaryata shi.

Sun gama dashen da yammacin jibin, layi talatin da ɗaya.

Ran Litinin Malam Isiyaku ya sa babbar riga ya tafi ofishin Dokta Hairston. Ya ɗauki Davou, don laifi irin wannan ba a zuwa ban haƙurinsa sai da dattijo. Davou ya yi alkawarin ba zai yi dariya ba, ya cika alkawarin har zuwa inda aka ambaci igiyar shanya. Dokta Hairston ta saurara har ƙarshe. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake cirewa. Sannan ta yi tambaya ɗaya.

"Ruƙayya fa?"

"Ita ta riƙe bokiti."

Dokta Hairston ta mayar da tabarau. Ta ce to ga hukuncinta: duk watan Mayu zai koma ya cike gurbin waɗanda suka mutu, kuma da mai bokitin zai je. Fartanya kuwa za ta tsaya a hannun Sylvanus a bakin gaɓa, sai an ga takarda daga gare ta.

Fiye da rabi suka rayu. Shekaru da yawa bayan haka, in Sylvanus ya ɗauko masunta baƙi, yakan rage gudu daidai wurin ya nuna musu tudu ɗaya tak a duk gaɓar da ciyawarsa ta tsaya sahu-sahu kamar gonar dawa.

Malam Isiyaku bai tuba gaba ɗaya ba. A satin da suka dawo, Ruƙayya ta ce za ta bi shi kanti, ita za ta zaɓi kifin. Da suka fito ya hango wata 'yar ciyawa a tsagar siminti kusa da tayar motarsu. Ya yi ƙoƙari, ya kau da kai, ya buɗe but ya sa kaya. Sannan ya tsuguna ya ciro ta da saiwarta. Da ya ɗago sai ya ga ta miƙo masa hannu. A gida ta hau kujera ta sauko da kofi ɗaya daga saman kabad.

Ciyawar tana nan a tagar kicin har ta yi fure, wani ɗan rawaya marar kyau. Ya san sunanta na kimiyya, ya san magunguna uku da ke kashe ta. Kullum da safe yakan tsaya ya dube ta, hannuwansa a goye a baya, har sai an kira shi daga tebur cewa shayinsa zai huce.